Mama da Shayin Sojoji

Belfast, 9 ga Nuwamba, 1972

Zuwa ga Yaya Malachy,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Noreen da yara. Mun ga hoton da ka aiko daga Melbourne. Ka yi tumbi, Yaya, kada ka ɗora wa mai ɗaukar hoto laifi. Mu nan da sauƙi. Kawu Fintan har yanzu yana tsare ba a kai shi kotu ba, ƙafar Gwaggo Attracta kuma ta warke. Mama tana ci tana sha, jikinta garau. Mantuwar ce ta ƙaru, kuma a kanta nake rubuto maka.

Ka tuna shekara uku da suka wuce, da aka ƙone layinmu, sojojin Ingila suka shigo suka tsaya tsakaninmu da 'yan ɗarikar Furotesta masu gaba da mu, kowace mace a unguwar nan tana kai musu shayi. To, Mama a can hankalinta ya tsaya. Ba ta san an daina ba, ba ta san yanzu ko murmushi ka yi wa soja ka zama ɗan leƙen asiri ba. Ran da aka binne Colm, ɗan maƙwabciyarmu Mrs Tierney, wanda sojoji suka harbe, motocinsu suka shigo bayan jana'iza. Mata suka fito suna buga murfin kwandon shara a kan titi don gargaɗi, kamar kullum, ni ma ina ciki. Ina ɗaga kai sai ga Mama da faranti, ta jera kofunan tangaran ɗin da ba a fito da su sai Fada limamin cocinmu zai zo, tana ce wa sojojin su sha da zafinsa, sanyi ya yi yawa. Uwar Colm tana tsaye tana kallo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da hantsi mutum biyu daga ƙungiyar 'yan bindigarmu masu yaƙar sojojin suka zo. Ɗayan ma ɗan Kerr ne mai gyaran takalmi, har hularsa ya cire. Ya ce sun san tsohuwa ba ta cikin hayyacinta, ba mai taɓa ta. Amma ni da nake da hankali, in aka sake, ni za a aske wa kai, a ɗaure a jikin fitilar titi, a zuba min kwalta da gashin kaza. Na ce ya gaida uwarsa. Da suka fita sai na kulle ƙofa.

Tun ranar na bar aikina a masaƙa. Ƙofa a kulle, makulli a wuyana, butar shayi a ɓoye ƙarƙashin gado. Ina za mu? Bayan katangar da ta raba unguwarmu da tasu Furotesta ne, likita kuma ya ce Mama ba za ta iya doguwar tafiya zuwa wurinka ba, don haka ka daina wahalar neman takardu.

Abin da ya fi ci min rai ya faru ranar Talata. Tsakar rana aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga soja riƙe da kofi ɗaya da ya rage a wurinsu, ya wanke shi tas. Ya ce a gode wa Kaka, ta tuna masa da tasa. Ka ji wauta! Duk labulen layin nan yana motsi, maƙwabta suna leƙe. Na karɓi kofin na rotsa shi a gabansa, na zage shi da ƙarfi yadda kowa zai ji, zagin da ban san na iya ba. Ya juya jiki a sanyaye. Mrs Tierney ta gyaɗa min kai daga ƙofarta, jiya ma ta aiko da burodi. Amma Mama tana bayana, ta ga komai.

Tun daga nan ba ta sake kiran sunana ba. Da Fada ya zo, ta kama hannunsa ta ce ya taimake ta, wata muguwar mata ta shigo gidanta ta kulle ta, ita kuwa 'yarta Dympna ba za ta taɓa wulakanta baƙo a bakin ƙofa ba, a nemo mata ita. Ina tsaye da tawul a hannu. Yaya, na gaji, kuma ina jin tsoro, ban da wanda zan faɗa wa sai kai.

Abu ɗaya nake roƙo. Har yanzu tana gane rubutunka, tana kuma yarda da maganarka. Ka rubuto mata da manyan baƙaƙe, ka ce matar nan mai makulli a wuya 'yarta ce, kuma kai ka sa ta kulle ƙofar. In za ta yi fushi, ta raba mana mu biyu.

Ka gaida Noreen, da Declan, da ƙaramar Sinéad da ban taɓa gani ba. Gwaggo Attracta tana gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Dympna