Mun Wuce Mindelo Ba Mu Tsaya Ba

Zulmira tawa,

Ina gaisuwa. Yaya Mama, yaya jaririyarmu da ban gani ba tukuna? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Na san kun wuni a tashar jiragen ruwa ta Mindelo kuna jiranmu. Injin jirginmu ne ya lalace, wai in muka tsaya ba zai sake tashi ba. Da safe kyaftin ya ce a Mindelo za mu tsaya, da rana ya ce Dakar, yanzu kuwa oho.

Ina zuba wa wata 'yar yawon shaƙatawa shayi, ta hau faɗa: "Kai, hutuna ya ɓaci! Ka san abin da na rasa a tsibirin nan?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe," ina kallon dutsen garinmu yana wucewa.

Wai da gaske hancina jaririyar ta ɗauko? Allah ya raya mana ita.

Mijinki,
Adilson