Zuwa Ga Yayana, Shugaban Ƙungiya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara.

Na rubuto ne don idan muka haɗu a ƙofar masana'anta, zan faɗi abin da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayanta a gaban jama'a ba.

Mun zaɓe ka shugaban ƙungiyar ma'aikata don ka kai kukanmu. Abu biyu muka aike ka da su: a sa wa injin yanka murfi, a kuma mai da mijina, Baban yara, bakin aikinsa. Injin nan ne ya cinye masa yatsu, suka sallame shi wai sakaci ya yi. Mun shiga yaji, mun sha rana a bakin ƙofa, tukunyarmu ta yi sanyi. Sai ga ka ka fito daga ofishin manaja kana washe baki, wai an amince a ba mu sababbin rigunan aiki da motar ɗaukar ma'aikata, ka sa hannu.

Riga, Yaya? Mutumin da ko maɓalli ni nake saka masa?

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya gida? Amsarka ta iso. Ka ce da babu gara ba daɗi, wai ban san yadda ake zama da manya ba. To, na san yadda ake wanke ciwo safe da yamma.

Ka ƙi zuwa taron jiya, bari ka ji daga bakina kafin a ƙara gishiri. An kaɗa ƙuri'ar tsige ka daga shugabanci, kuma ina cikin waɗanda suka yarda. Ban yi nadama ba. Mai waldan masana'anta muka ɗora a kujerarka. Da safe muka kashe sauran injinan da ke aiki gaba ɗaya, kafin azahar manajan da ka ce ba ya tanƙwaruwa ya aiko da kansa a zo a zauna. An fara ɗaura murfin. Baban yara zai koma, a sito za a ajiye shi.

Ƙarfin da ka shiga ofishin nan da shi namu ne, aro muka ba ka.

Ranar Asabar zan zo duba Inna. Ba ta san komai ba. Kada ka gudu daga gidan, mu gaisa a gabanta yadda muka saba.

Ƙanwarka har gobe,
Auta