Na Zo Ɗaukar Larai

Litinin, 3 ga Agusta, 1998
Sule Tankarkar. Jiya da la'asar na iso. Larai ta leƙo ni daga bayan zanen kakarta, ta ce, "Iya, baƙuwar nan kwana za ta yi?" Na yi dariya don kada a karanta fuskata. Ina yaye ta na bar ta a hannun Iya, surukata, bayan rasuwar mijina Ɗanjuma, na tafi Ingila karatun taurari. Goshinsa ne da ita sak.
Ban gaya wa Iya abin da ya kawo ni ba. Ta sani.

Alhamis, 6 ga Agusta
Na bi motar 'yan kasuwar Maigatari na sauka Gumel don buga waya. Farfesan da nake karatu a ƙarƙashinsa ya ce an ba mu lokaci a babbar na'urar hangen nesa da ke kan dutse a Hawaii, ƙarshen watan nan. Idan ban je ba, wani ɗalibi zai hau kujerata. Tun da na fara aikin nan abin da nake jira ke nan. Na fito, na wuce tasha ban sani ba.

Asabar, 8 ga Agusta
Muna tsinkar zogale Iya ta tambaye ni wai me nake yi a can takamaimai. Na ce akwai garken taurari masu nisan gaske, da ƙura ta lulluɓe su tun suna sabbin haihuwa, ido ba ya ganin su. Amma ƙurar tana fitar da wani ɗumi kaɗan, shi muke kamawa mu gane yadda suka girma. Ta ce Allah Ya ba da sa'a, Asama'u.
Sai kawai na faɗa. Na ce da Larai zan koma.
Ba ta ɗago ba. "Shi na rasa. Ita ta rage mini." Ta ci gaba da tsinka har ganyen ya ƙare.

Talata, 11 ga Agusta
Na buɗe takardun lissafina, na rufe. Na share tsakar gidan da aka riga aka share.

Juma'a, 14 ga Agusta
Sajo, ƙanen Ɗanjuma, ya zo daga Gagarawa bayan masallaci. Wai 'ya ta gidan ubanta ce, wai zan kai ta inda ba ta da kowa. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba a gidan nan. Iya ce ta tsawatar masa: "Uwarta ce, Sajo. Ka iya bakinka." Ban so ta kare ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 19 ga Agusta
Zazzaɓi ya kama Larai, muka kai ta asibiti a Gumel. A mota na miƙa hannu, ta ƙi, ta maƙale wa Iya. Daga tasha Iya ta goya ta, da ciwon gwiwar nan tata, ba ta yarda na karɓa ba. Da aka zo allura yarinyar ta damƙi yatsana. Wataƙila shi ne ya fi kusa. Amma ba ta saki ba har aka gama.

Lahadi, 23 ga Agusta
Gobe Kano, jibi jirgi. Larai ta warke, tana bin 'yan awaki.
Da hantsi Iya ta shigo ɗakina da ƙullin kaya, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ki tafi da ita." Sai ta fara: ba ta cin miyar kuka, tana tsoron tsawa, idan ta yi shiru to fushi take, a bar ta ta sauko da kanta.
Ko ɗaya ban sani ba.
Na ce ai sanyin can ya yi mata yawa yanzu, a bari ta ƙara ƙwari. Zan dawo da Sallah, in daɗe. Iya ta dube ni.
Sanyin ne. Da gaske akwai sanyi.
Ni na kwance ƙullin, na mayar da rigunan cikin akwatin Iya.