Lallen da Na Ba Aisata

Dakoro, 16 ga Oktoba, 2022

Zuwa ga ɗiyata Hamdiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan karatunki a Maradi. Mu nan lafiya lau, yara sun koma karatu a lakkol, babanki kuma ya gama yankan hatsi.

Ɗiyata, yawancinmu mun ɗauka wanda aka yi wa kyauta bai yi godiya ba, to bai so ta ba ne. Ni da nake koya wa yara kada su yi saurin yanke hukunci, wannan tunanin ne ya hana ni sukuni mako uku ke nan.

Kin san Aisata, Bafulatanar da ke kawo mana nono. Shekara tara muna tare, ita ta yi jinyata lokacin da na karye a ƙafa. Tun lokacin da fari ya cinye musu shanu suka kafa bukkoki a hanyar Rumbu, nonon ma sarowa take yi. Da ta zo ranar kasuwa, sai na tono ƙaramar bishiyar lalle daga bayan ɗakina, wadda ta kai gwiwa, na naɗe saiwarta da jiƙaƙƙen buhu na miƙa mata. Ta karɓa ba ta kalle ta ba, ba ta kalle ni ba, ta ɗora a kan ƙwarya ta fita. Ko uffan. Tun ranar ba ta sake takowa gidana ba.

Maƙwabciyata Uwa, tsohuwar nan mai ƙosai, ta ce laifi biyu na yi. Wai a gidansu ba a fitar da shuka da saiwarta, arzikin gida ne ke bin ta. "Sannan ke da bokonki, Madam," in ji ta, "ki ba makiyayi abin da ba ya tafiya? Ai kin ce masa ya zauna ke nan, shi da saniya sun rabu har abada." Na farkon na yi dariya. Na biyun ya tsaya mini a rai. Idan haka Aisata ta ji, na taɓa mata ciwo da hannuna.

Ki yi mini addu'a. Ki gaishe da uwar ɗakinki.

Gwaggonki,
Hawwa'u

Dakoro, 6 ga Nuwamba, 2022

Ɗiyata Hamdiya,

Ina gaishe ki, ya karatu, ya sanyin da ya fara? Na ga saƙonki. Na ji daɗin labarin da malaminku ya ba ku, cewa har cikin Turawa akwai waɗanda ba sa gode wa wanda ya ba su shuka don kada ta bushe. Shi ya ƙarfafa mini gwiwa na hau moto mai ƙafa biyu na tafi wurin Aisata.

Abin da na tarar ya sa na ji kunyar kaina. Lallen na tsakiyar gida, an zagaye shi da ƙaya tsayin ƙirji saboda awakin maƙwabta, an yi masa rumfar zana. Rijiyarsu tafiyar kusan awa guda ce, amma a cikin ruwa bido biyun da take ɗaukowa kullum akwai rabonsa. Sai dai babu ganye ko ɗaya a jikinsa. Da ta gan ni ta rufe fuska da gyale. Ashe kunya ce ta hana ta zuwa, ta ɗauka ya mutu a hannunta.

Na kankare ɓawon da farce na nuna mata ɗanyen kore a ciki, na ce haka yake yi in an canza masa wuri. Ta zauna a ƙasa tana hamdala.

Sai ta yi mini bayani. Kakarta ta hore su kada su yabi abu mai rai ko su yi godiya a gabansa, don baki na kama shi. Sannan ita ba ta ɗauke shi kyauta ba, habbanaye ne. Haka suke yi da saniya: ka ba aminin da ya rasa, ya yi kiwonta har ta haifa masa uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ya maida maka. Tun da dabbobinsu suka ƙare, ta ce, babu wanda ya amince mata da wani abu mai rai sai ni.

Na ce ai na ba ta ne duka. Ta harare ni, ta kira ni da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, ta ce, "Kaɗo dai kaɗo ne! Kin ba ni duka, to gobe me zai kawo ni ƙofarki?" Muka yi ta dariya.

Amma ina da damuwa. Saniya na komawa gida da ƙafarta. Bishiyar da ta kama ƙasa, in aka tumɓuke ta da wuya ta rayu. In ta mutu ranar maidowa Aisata ba za ta yafe wa kanta ba, in kuma na ƙi karɓa na raina amanarta. Ban san yadda za a yi ba.

Gwaggonki mai ƙaunarki,
Hawwa'u

Dakoro, 25 ga Agusta, 2024

Ɗiyata Hamdiya,

Barka da hutun bakansi, da fatan aikin da ya tsare ki a Maradi na tafiya daidai. Damina ta yi kyau nan, Alhamdu lillahi.

Jiya da hantsi amalanken jaki ya tsaya a ƙofata. Aisata ce, da ado kamar mai zuwa biki, tafin hannunta jawur. Rassa uku da ta dasa sun kama, don haka ta maido uwar. Na leƙa ina tsammanin ganin yagaggiyar saiwa.

Hamdiya, bishiyar a cikin randa take, ganyenta shar! Tun ranar farko ba ta dasa ta a ƙasa ba. Tsohuwar randa mai tsagewa ta samu, ta binne ta har wuya, ta zuba ƙasa da taki ta sa lallen a ciki. Shekara biyu ina karanta littattafan aikin gona ina neman dabara, ita kuwa ta gama tun kafin in fara damuwa. Na tambaye ta yadda ta yi wannan tunani. Ta ce wa ke ɗaure dabbar aro da igiyar da ba ta kwancewa?

Na karɓa da hannu biyu. Godiya ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Ta lura, ta yi murmushi. Muka fasa randar a ramin da ta nuna, muka mayar da ƙasa tare, sannan ta zauna ta sha fura a ɗakina har la'asar. Uwa na tsaye tana kallo, ta ce ita ma a ba ta aron, amma kada a gaya wa kowa ita ta roƙa.

Na yanke miki reshe biyu, suna wurin Idrisa direba cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ki dasa su a inuwa. In sun kama, ki duba cikin maƙwabtanki wadda aka jima ba a amince mata da komai ba, ki ba ta ɗaya, ki ce mata aro ne.

Allah Ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Hawwa'u