Ranar da Na Zama Uwar Baftismar Murna

Lahadi da dare, Sabon Gari, Maraɗi

Yau aka yi wa Murna, jaririyar ƙanwata Rahila, baftisma a majami'armu ta Tsibiri, kuma ni na riƙe ta! Ni da ban taɓa haihuwa ba, ni Rahila ta zaɓa.

Da fasto ya tambaye ni, "Za ki tsaya wa yarinyar nan, ki koya mata bin Almasihu har ta girma ta amsa da bakinta?" sai na shagala da kallon Murna. Inna ta zungure ni daga baya. "Ke Saratu, amsa mana!"

Na ce "Zan tsaya!" da ƙarfi, har jama'a suka yi dariya.

Fasto ya zuba wa Murna ruwa a ka da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ta callara kuka. Na juya zan miƙa wa uwarta, amma Rahila ta naɗe hannuwanta, ta ce, "Yaya, rarrashi ɗiyarki."

Na ɗora ta a kafaɗa ina jijjigawa. Ta yi shiru. Ni kuma na ɗauki kukan daga inda ta tsaya.