Ɗan Sakakkiya

Talata, 2 ga watan Heshwan, Bukhara

Yau ma Rahmin aka yaba. Mu biyu muka cire takalma, muka lulluɓa, muka ɗaga hannu muka sa wa jama'a albarka, amma da aka fito daga majami'armu ta Yahudawa sai Abo mai shayi ya ce masa wai muryar kakanmu Haruna ya gada. Ni ina gefe kamar ɗan rakiya. Tun kafin a haife shi nake wannan aiki na kohen, wato firist daga zuriyar Haruna, ɗan ƙanena ne fa, ni na sha share masa majina. Ga hannunsa shuɗi har gwiwa saboda rini, ko buta goma aka juye masa ba ya fita. Da wannan hannun ake sa wa mutane albarka. Na tsane shi, gara in rubuta a nan.

Alhamis, 4 ga Heshwan

Na je duba Yaya Burho. Jiki ya ƙi, ta koma ƙashi da fata. Ita ta raine mu ni da marigayi Yushuwa, uban Rahmin, don haka na zauna ina ba ta romo. Cikin sambatu ta ce Hewsi, uwar Rahmin, ta sha duka a hannun mijinta na farko a Herat kafin ya sake ta.

Na ce, "Ya sake ta? Ba mutuwa kuka ce ya yi ba?"

Ta riƙe min hannu gam. "Matat, zazzaɓi ne ke magana. Ka rufa wa ɗan'uwanka asiri a kabarinsa."

Kohen yana iya auren wadda mijinta ya mutu, amma ban da sakakkiya. Ɗan da aka haifa ta haka ya fita daga zuriyar Haruna, shi da 'ya'yansa har abada. Na dawo gida na ci shinkafa kwano biyu.

Lahadi, 7 ga Heshwan

Na kai wa Mullo Nisim, malamin majami'armu, magana. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Wa ya tambaye ka, Matat?" Na ce shari'a ba ta jiran a tambaye ta. Ragon malami kawai.

Talata, 9 ga Heshwan

An kira Hewsi gaban dattawa. Da aka ce ta rantse sai ta zube tana kuka, wai Yushuwa ya sani, wai ya ce Herat da nisa. Tsohuwa da ita, majina har haɓa. Ban ji komai a raina ba. Dattawa suka sauke Rahmin daga sa albarka.

Rahmin ya tare ni a bakin ƙofa. "Baffa, ni na ji. Ɗana fa?" Na ce masa ɗansa ya koyi rini, sana'a ce mai kyau.

Lahadi, 14 ga Heshwan

Jiya Asabar ni kaɗai na hau dandamalin sa albarka. Ni aka fara kira karatun Attaura, babu wani a ce yau kai gobe shi. Da lokacin albarka ya yi sai ga Rahmin ya sunkuya zai cire takalmi, sabo ya ja shi. Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mayar da abinka, ɗan Hewsi." Wasu samari suka yi dariya. Yaronsa na kusa da shi yana kallo. Muryata ta fita sarai.

Litinin, 15 ga Heshwan

Yaya ta aiko wai kada in ƙara taka gidanta.

Talata, 16 ga Heshwan

Na je duk da haka. Ta juya fuska bango. Ina cikin cewa Yaya ki saurare ni sai numfashinta ya canza, matan suka ce in fita maza, kohen ba ya zama ƙarƙashin rufi ɗaya da gawa. Na fita a guje kamar ɓarawo. A titi na ji kukan.

Laraba, 17 ga Heshwan

An binne ta. An yarda kohen ya shiga maƙabarta don 'yar'uwarsa in ba ta taɓa aure ba. Yaya ta yi aure tun ina yaye, saboda haka a bayan katanga na tsaya, ni da karnukan unguwa.

Rahmin ya shiga. Tunda aka haife shi, ban da ranar binne ubansa, ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba, yau ga shi a gaban makara. Ta wata ɓaraka a katanga na hango shi ya sauka cikin ramin ya karɓe ta da shuɗin hannun nan. Da suka fito na matsa, ban ma san me zan ce ba. Ya ja baya.

"Na kwantar da Gwaggo, Baffa. Kada ka taɓa ni, kai mai tsarki ne."

Alhamis, 25 ga Heshwan

Zaman makoki ya ƙare, na koma hawa. Kowa ya san albarka ba ta kai wa wanda ya tsaya a bayan kohen, shi ya sa mutanen gefe ke matsowa gaba. Yau da na lulluɓa sai na ji takun mutum biyu, babba da ƙarami, Rahmin da ɗansa, sun ratsa sun je can bayana jikin bango sun tsaya. Da gangan. To ruwansu, ni ban kore su daga albarka ba, daga hawa kawai na sauke su, kuma shari'a ce.

Bayan an tashi Mullo Nisim ya ja ni gefe, wai wurin juya hannu dama da hagu na wuce ƙa'ida, saura kaɗan in ba jama'a baya. Na ce masa ƙuguna ke ciwo.

Ko da hakan ma hannuna bai kai inda suke ba.