Yaron da Ke Kwaikwayon Murya Ya Ƙi Yi Mana Aiki

Baba mai filin shawara, a taimaka mini, yau babba ne ya zo da kuka. Ni ne shugaban jam'iyyarmu na gunduma. In na yi tari, rige-rigen miƙo mini ruwa ake yi, kuma tumbina ne ke riga ni shiga ɗakin taro.

Damuwata wani yaro ne mai faci a jikin ofishinmu, ana ce masa Aku. Allo kawai ya yi, amma duk muryar da ya ji sau ɗaya ya ɗauke ta ke nan. Tun a makaranta yake kwaikwayon gyaran muryar malam daga bayan ƙofa, yara su yi tsit. Ba manufa ce ta kawo shi cikinmu ba. Ranar da babansa ya rasu, mutanenmu ne suka kafa rumfa, suka cika tabarmin gaisuwa, suka kai uwarsa asibiti da jininta ya hau. Daga nan ya karɓi katin jam'iyya. Bukatarsa ba ta da yawa: benci a bakin ofis, a san da shi, in bai leƙo ba a aika a ji ko lafiya. A taro yakan kwaikwayi ɗan takarar waccan jam'iyyar, jama'a su yi ta dariya har da riƙe ciki.

Yanzu zaɓe ya matso. Na ce ya ɗaukar mini muryar mutumin nan a waya, yana zagin 'yan kasuwar bakin titi, yana cewa zai rushe rumfunansu, mu watsa a ce shi ne. Yaron sai zille-zille yake, wai mura. Na san dalili. Shagon ɗinkin yayarsa bango ɗaya ne da ofishin waccan jam'iyyar, kuma a ciki take wuni da 'ya'yanta.

Ya kuma fara sa ido. Ɗakin da muke ajiye tutoci yanzu da kwaɗo. An kawo wasu samari da ba sa dariya, ko da muryata ya yi musu. Suna ta kwashe tsofaffin tayoyin rumfarsa, alhali ko keke ba su da shi. Jiya biyu daga cikinsu suka je gaishe da uwarsa, suka tambaye ta ko ita kaɗai take wuni a gidan.

Baba, na gaji da ɗaukar tumbin nan. Ni ne Akun. Na ari bakin shugaba ne don na ga an fi karanta wasiƙar manya. An ba ni wa'adi zuwa ranar babban taro. Mutanen da suka tsaya mana ranar kuka, da wane baki zan ce musu a'a?

Aku mai faci

AMSA

Ɗana Aku, tun daga tumbin na gane ka. Shugaba ba ya faɗin haka a kansa.

Abin da ya kai ka jam'iyya ba abin kunya ba ne. Yawancin mutane wurin zama da masu cigiyarsu suke nema, kuma alherin da aka yi muku alheri ne na gaske. Ka rama shi da gaisuwa, da hidima, da ƙuri'arka in ka ga dama. Amma wannan aikin kada ka yi, ko da sun ce gwaji ne. Kwaikwayon da kake yi a taro wasa ne, kowa na ganin fuskarka. Wannan ƙarya ce da za ta tura fusatattu ƙofar yayarka, kuma ranar bincike murya taka ce, shugaba zai ce bai san ka ba.

Yau ka faɗa wa mahaifiyarka da yayarka komai. Mama ta koma wurin dangi, shago ya huta har a gama zaɓe. Sauran tayoyin ka kawar da su. Ka nemi malaminka da wani dattijon jam'iyya wanda ba ya son fitina, ku tafi tare ka ce ba za ka iya ba, kada ka je kai kaɗai. Maganar samarin nan da ɗakin mai kwaɗo kuma ku kai wa hukuma.

Wataƙila ka rasa bencin. In ka rasa, ka tuna waɗanda suka kai mama asibiti ba su ne suka je tambayar ko ita kaɗai take wuni ba.

Allah ya tsare ka da gidanku, ya bar maka dariyarka.